Tasha da Manhaja: Lissafin Direban Daudawa

A Legas da Abuja, wanda ke son mota yakan ciro waya daga aljihu, ya taɓa fuskarta sau uku ko huɗu, cikin 'yan mintoci mota ta tsaya a gabansa. Tun kafin ya shiga ya riga ya san sunan direban da lambar motar da abin da zai biya. A Daudawa kuwa, wadda ke ƙaramar hukumar Faskari a kudancin jihar Katsina, mai son zuwa Funtuwa yakan taka zuwa inda motoci ke lodi, ya sami wuri ya zauna, ya jira mota ta cika. Idan yana da direban da ya saba da shi, sai ya kira shi tun da dare ya ce a ajiye masa gaba. Haka abin yake a Ƙanƙara da Sabuwa da sauran garuruwan wannan yanki, shekaru fiye da goma bayan kamfanin Uber ya fara aiki a Nijeriya.

Idan aka tambayi dalili, amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutanen birni ita ce direbobin karkara ba su yi boko ba, ba su da manyan wayoyi, kuma suna ƙyamar sabon abu. Akwai ƙamshin gaskiya a biyun farko. Na ukun ne ba ya tsayuwa idan aka dube shi da kyau. Daudawa gari ne da ya san sabon abu tun zamanin Turawan mulkin mallaka, lokacin da aka kafa gonar yaɗa irin auduga a can, manoman yankin suka karɓi irin da suka ga yana biya. Direban da ake cewa yana gudun fasaha kuma shi ne wanda a yau yake karanta wa fasinja lambar asusunsa da ka, ya jira ƙarar shigowar kuɗi kafin ya tayar da mota. Ashe ya karɓi wani abu daga waya, ya bar wani. Abin da ya kamata a bincika shi ne ma'aunin da ya yi amfani da shi wajen wannan zaɓe.

Abin da manhaja take sayarwa

An kafa Uber a birnin San Francisco na Amurka a 2009, ya shigo Legas a 2014, Abuja kuma a 2016. A wannan shekarar ce Taxify, kamfanin ƙasar Estoniya wanda ya koma Bolt a 2019, shi ma ya sauka a Legas. Waɗannan kamfanoni ba su da motocin kansu, kuma ba sa ɗaukar direbobi a matsayin ma'aikata masu albashi. Hajarsu abu uku ce.

Na farko, haɗa mai nema da wanda ake nema. Fasinja yana wani lungu, direba yana wani, babu wanda ya san da ɗan'uwansa, sai manhaja ta gabatar da su. Na biyu, yanke farashi, domin a huta da ciniki da gardama a bakin titi. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne amana tsakanin baƙi biyu. Mutumin da bai taɓa ganin direba ba yakan yarda ya shiga motarsa da tsakar dare, saboda kamfani ya riƙe hotonsa da lasisinsa, kuma fasinjojin baya sun ba shi taurari. A kan waɗannan ayyuka uku ne kamfani ke cire kamashonsa, wanda a Nijeriya ya saba kaiwa kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na kuɗin kowace tafiya.

Wannan ciniki yana da sharuɗɗan da ba a faɗa a talla. Sai akwai jama'a masu yawa a wuri ɗaya, ta yadda direban da ya sauke fasinja zai sami wani a kusa kafin mai ya ƙone a banza. Sai akwai mutanen da ke iya biyan kuɗin mota guda su kaɗai. Sai akwai sabis na waya da ba ya yankewa, da tituna masu suna a taswira. Sai kuma mutanen wurin su kasance baƙin juna, domin wanda ya riga ya san direba ba ya bukatar a sayar masa da amanarsa. Babban birni ya cika waɗannan sharuɗɗa, ko mafi yawansu. Daudawa ba ta cika ko ɗaya ba, kuma wasu daga cikinsu ba don rashi ba ne, don tana da wani abu a madadinsu.

Tasha ta daɗe tana wannan aiki

Wanda ya zauna a kowace tasha ta ƙasar Hausa na yini ɗaya zai ga ayyukan nan uku ana yin su da baki da alli da littafi. Haɗa fasinja da direba aikin wurin ne kansa: kowa ya san inda motar Funtuwa ke tsayawa, da inda ta Sheme ko ta Ɗandume ke lodi. Farashi kuma ƙungiya ke yanke shi, kowane fasinja ya san kuɗin kujera tun daga gida, sai dai a yi ciniki a kan buhu ko akuya. Amana kuwa ta fi ta taurari ƙarfi, domin shugabannin tasha sun san direba da ubangidansa da unguwarsu, sun san wanda ke gudu da wanda ke da haƙuri. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda aka kafa a 1978, ita ce inuwar da mafi yawan tashoshin nan suke ƙarƙashinta.

Ginshiƙin tsarin shi ne layi. Motar da ta riga zuwa ita ke fara lodi, mai bi mata ta jira. Layi yana hana mai sabuwar mota ko mai kaifin baki kwashe fasinjoji duka, yana kuma tabbatar wa mai tsohuwar Golf cewa idan ya yi haƙuri, nasa zai zo. Manhaja tana aiki da akasin haka: wanda ya fi kusa, ko ya fi taurari, ko ya fi yawan karɓar kira, shi take turawa. Ga matashin da ke da lafiya da sabuwar mota wannan dama ce. Ga dattijon da ya shekara talatin yana tuƙi, wanda layi ne ke ci da gidansa, barazana ce.

Sai kuma lissafin kujera. Motar haya a wannan yanki ba ta mutum ɗaya ba ce. A ɗauka, don misali kawai, kuɗin kujera naira 2,000 ne. Golf da ta ɗauki mutum biyu a gaba da huɗu a baya ta tashi da naira 12,000, ban da kuɗin kaya. Idan manhaja ce za ta kawo fasinja guda, kuma ta cire kashi 20, sai fasinjan nan ya biya naira 15,000 kafin direba ya ga abin da yake samu a lodi ɗaya. Wannan shi ake kira shata, kuma mutanen karkara sun san ta: ana ɗaukar shata ne ranar kai amarya, ko kai marar lafiya asibiti, ko ɗauko gawa. Manomin da zai je kasuwar hatsi ta Ɗandume ko ta dabbobi ta Sheme ba zai biya kuɗin mutum bakwai don ya tafi shi kaɗai ba. Ban da haka, direban tasha idan ya isa can yakan shiga layin dawowa, ya komo da fasinja. Wanda manhaja ta tura ƙauye kuwa, da wuya ya sami mai kiransa daga can, sai ya dawo wayam, man dawowa a wuyansa.

Akwai kuma kuɗin shiga da manhaja ba ta gani. Direban karkara ɗan aike ne. Yana ɗaukar maganin da aka sayo a Funtuwa, da kayan gyaran injin niƙa, da ƙunshin da uwa ta aika wa ɗanta ɗalibi. Yana ɗaukar wanda ya sani bashi, a biya shi idan an tashi daga kasuwa. Waɗannan duka suna tsaye ne a kan sanayya, kuma sukan cike giɓin ranar da fasinja ya yi ƙaranci, musamman ga direban da motar ba tasa ba ce, wanda dole ya kai wa mai ita balas ko an samu ko ba a samu ba.

Abin lura shi ne kalmar kamasho ta riga manhaja zuwa tasha. Ɗan kamasho yana cin nasa ne a idon direba: shi ke kiran fasinja, ya ɗaure kaya, ya raba gardama, ya ajiye jakar da aka manta. Ƙungiya kuma, idan an yi haɗari ko an kama mota, akan ga shugabanninta a asibiti ko a ofishin 'yan sanda. Direba yana iya ƙorafi a kan yawan abin da ake karɓa, kuma yakan yi, amma ya san fuskar wanda ya karɓa. Kamashon manhaja yana fita ne daga gari zuwa inda direba bai sani ba, kuma ranar da aka rufe masa asusu, babu ƙofar da zai je ya yi sallama.

Darasin Kano da Legas

Direbobin kudancin Katsina ba su rasa labarin abin da ya faru da 'yan'uwansu na birni ba, domin da yawa daga matasan yankin sun yi acaɓa a Legas ko sun ja A Daidaita Sahu a Kano. A Kano, tun bayan da gwamnati ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, sakamakon harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, babur mai ƙafa uku ya zama abin hawan talaka. A 2019 kamfanin OPay ya shigo da tsarin kiran waɗannan babura ta waya, wanda ya kira OTrike. Fasinja yana biyan kuɗi kaɗan, kamfani yana cika wa direba. Jama'a suka yi rububi, direbobi da dama suka shiga, domin a lokacin lissafin yana fita. A watan Satumba na shekarar 'yan sanda suka rufe ofishin kamfanin a Kano bisa zargin rashin cika ƙa'idojin jihar.

A Legas kuma, a ranar 1 ga Fabrairun 2020, gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaɓa da Keke a manyan sassan birnin, ba tare da ta ware masu aiki da manhaja ba. Gokada ya koma kai saƙo. A watan Yulin wannan shekara OPay ya dakatar da ORide da OCar, ya mai da hankali ga hada-hadar kuɗi. SafeBoda, wanda ya yi suna a Kampala ta Yuganda, ya zo Ibadan a 2020, ya tattara ya bar Nijeriya a ƙarshen 2022. A kowane karo kamfani yana da inda zai juya. Direban da ya bar tsohon wurin tsayuwarsa, ya sayi babbar waya, wani ma ya karɓi babur bashi, shi ne ya wayi gari yana neman mafita.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya fito da wani bambancin fili. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. A tasha, shugabanni sukan zauna su ƙara kuɗin kujera a ranar da mai ya tashi, fasinja ya yi guna-guni ya biya. Direbobin manhaja ba su da wannan iko, domin farashi yana hannun kamfani. Sai da ƙungiyarsu ta shiga yajin aiki a watan Yunin 2023, tana neman a ƙara kuɗin tafiya a kuma rage kamasho. Direban da ya ga haka ya fahimci cewa shiga manhaja yana nufin miƙa wa wani ikon yanke farashi, alhali mai da taya da gyara da balas suna nan a kansa.

Hanyar da ba ta cikin taswira

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu zai iya zama gaskiya a kowane ƙauye na Afirka ko Asiya. Abin da ya keɓanta ga Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa shi ne tsaro. Ukun nan suna cikin ƙananan hukumomi takwas na jihar Katsina da ke bakin daji, waɗanda suka fi shan wahalar 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. Faskari tana iyaka da Zamfara, Sabuwa tana iyaka da Birnin Gwari ta jihar Kaduna. A Ƙanƙara ne aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a daren 11 ga Disamban 2020.

A ƙarshen watan Agustan 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan wata doka ta taƙaita zirga-zirga. An rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce su zagaya ta Funtuwa. An hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita hawan babur daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin bakin daji, an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Funtuwa, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da yawa. An shafe watanni a haka. Mutane sukan yi doguwar tafiya zuwa inda ake samun sabis don su yi kira ɗaya.

A waɗannan watanni motocin da aka bari su yi aiki sun ci gaba da lodi, domin layi da ɗan kamasho ba sa bukatar sabis. Direba ma ya koma abin da yake kafin zuwan waya, mai kai saƙon baka da na takarda tsakanin garuruwa. Da a ce abincinsa ya rataya ne a kan manhaja, da ranar da aka kashe na'urorin sadarwa ita ce ranar da sana'arsa ta tsaya. Wanda ya ga an ɗauke sabis da umarni ɗaya ba zai yi saurin ɗora rayuwar iyalinsa a kansa ba.

Ko da sabis yana nan, taswirar waya ta san nisa da lokaci ne kawai. Za ta nuna hanya mafi kusa, ba za ta san cewa jiya da la'asar an tare ta ba. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma direban wannan yanki yana aiki da karin maganar nan a zahiri. Kafin ya tashi yakan tambayi wanda ya shigo yanzu yadda ya baro hanya. A kan tafiya yana lura da motocin da ke tahowa: idan ya ɗauki lokaci bai yi karo da ko ɗaya ba, sai ya tsaya a garin da ke gaba ya jira labari. Ya san sa'ar da ba a wuce wani kwari, da ranar kasuwar da ta fi haɗari. Wannan ilimi yana yawo ne daga baki zuwa baki tsakanin mutanen da suka yarda da juna, kuma yakan tsufa cikin sa'o'i kaɗan.

A nan ne babban alkawarin manhaja yake juyewa ya zama abin tsoro. Alfaharinta shi ne baƙo zai iya kiran baƙo zuwa kowane wuri. A yankin da ake ƙwace babura, ake kuma fargabar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, kiran da ya fito daga wanda ba a sani ba zuwa wata alama a bayan gari shi ne ainihin abin da ɗan acaɓa ke gudu. Fasinjan ma, musamman ɗan kasuwar da ya sayar da hatsi ko shanu, ba ya son wanda bai sani ba ya san lokacin tashinsa da hanyar da zai bi. Taurari biyar suna iya shaidar cewa mota tana da tsabta kuma direba yana da fara'a. Tambayar da ake yi a Daudawa ita ce ɗan gidan wane ne, kuma wa zai tsaya masa. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ya ɗauka

Da wannan ma'auni za a gane abin da direba ya karɓa. Ya karɓi kira. Lambarsa tana cikin wayoyin ɗaruruwan mutane, 'yan kasuwa da malamai da ma'aikatan asibiti, kuma kafin ya kwanta yakan san rabin fasinjojin gobe. Ƙaramar waya mai madannai ta isa wannan aiki, tana kwana biyu ko uku ba a yi mata caji ba, abin da ke da muhimmanci a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Wanda ke da babbar waya ya karɓi saƙon murya na WhatsApp, wanda ba ya bukatar iya rubutu, kuma ta nan labarin hanya ke isa ga mutum ashirin a lokaci guda.

Ya kuma karɓi tura kuɗi ta waya. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin kuɗi, ya tilasta wa mutane da yawa buɗe asusu. Da matsalar ta wuce, al'adar ta zauna, domin tana da amfanin da ya dace da wurin: wanda ba ya ɗauke da tsabar kuɗi a hanya ya rage abin da zai rasa. Abin mamaki, OPay ɗin da tsarinsa na kiran babur bai ɗore ba, shi ne ɗaya daga cikin asusun da direbobi ke karɓar kuɗin mota da su a yau, tare da irin su Moniepoint.

Idan aka jera abubuwan nan uku, za a ga siffarsu ɗaya ce. Kowanne yana rage wa direba haɗari ko asara, babu wanda ke cire masa kashi ɗaya cikin biyar na wahalarsa, kuma babu wanda ya raba shi da layinsa ko ikon ƙin ɗaukar wanda bai yarda da shi ba.

Tarihin wasu manyan kamfanonin ma ya fi kama da wannan fiye da yadda ake zato. Gojek na Indunisiya ya fara ne a Jakarta a 2010 a matsayin ofishin amsa kira, da 'yan acaɓa 20, kuma sai a 2015 ya fito da manhaja. inDrive, wanda ke barin fasinja da direba su yi ciniki, ya samo asali ne a 2012 a garin Yakutsk na Rasha, inda mazauna suka buɗe zaure a wani dandalin sada zumunta bayan 'yan tasi sun ninka kuɗi a tsakiyar sanyi. Dukansu sun tsiro ne daga yadda mutanen wurin suka riga suke yi.

Inda tasha ta gaza

Kada a ɗauka tasha ba ta da aibu. Fasinja yakan yi sa'a biyu yana jiran mutum ɗaya ya cika mota. Ana cusa mutane da kaya fiye da ƙima, kuma haɗurran da ke biyo baya ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗin da ake karɓa daga direbobi kullum ba kowane lokaci ake bayyana inda suka shiga ba. Tsarin da ya dogara da sanayya kuma yana da wanda yake bari a waje: baƙo, da matar da ba ta da lambar kowa, da mutumin ƙauyen da ke nesa da titi. Sannan tasha tana tashi da faɗuwar rana, alhali ciwo da naƙuda ba su san lokaci ba.

A wannan giɓi na ƙarshe akwai wani gwaji da ya cancanci a tuna da shi. A wasu jihohin Arewa, ciki har da Katsina, an gudanar da shirin jigilar mata masu naƙuda cikin gaggawa tare da haɗin gwiwar NURTW. An horar da direbobin haya na sa-kai, aka ba al'umma lambobinsu, domin idan haihuwa ta zo da gardama a kira su kai mace asibiti. A wurare da dama, ladan direban da ya amsa irin wannan kira shi ne a ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba. Waɗanda suka tsara shirin sun gane cewa abu mafi daraja a tasha shi ne layi, sai suka biya da shi. Kiran mota ne ta waya, da rajistar direbobi da sakamako ga wanda ya amsa, amma an gina shi a kan ƙungiyar da direbobi suka riga suka yarda da ita.

Duk wanda ke son kawo manhajar sufuri wannan yanki zai sami abin koyi a nan. Zai sayar da kujera ne maimakon mota guda, ya bar fasinja ya kama wuri tun daga gida domin a rage zaman jira. Zai yi aiki da kira da saƙon murya cikin Hausa, a kan ƙaramar waya. Zai girmama layi, ya bar yanke farashi inda direbobi ke da murya. Zai kiyaye sirrin wanda zai yi tafiya da lokacin tashinsa kamar yadda ake kiyaye dukiya. Kuma zai tsara abin ta yadda idan sabis ya ɗauke, littafin ɗan kamasho zai ci gaba daga inda waya ta tsaya. Irin wannan ba zai kawo ribar da ke jawo masu zuba jari daga ƙetare ba, shi ya sa ya fi yiwuwa ya fito daga hannun wani matashi na Funtuwa ko Malumfashi da ya taso yana jin hayaniyar lodi, ko daga reshen ƙungiyar direbobi da ya gaji da ƙorafin fasinjoji.

Kafin wannan ya samu, abin da iyalai ke da shi a ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa shi ne lambar direba ɗaya ko biyu da aka adana a wayar maigida. Idan dare ya yi kuma bukata ta taso, direban da aka kira zai duba sunan da ya fito, ya tuna gidan, ya auna hanyar da abin da ya ji game da ita da yamma, sannan ya yanke shawarar ko zai fito.